Kalmar sirrin ma'aikaci da ta ɗalibi: inda doka ta tsaya

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili in yi bayani kan ko mai ɗaukar ma'aikata ko hukumar makaranta na da hurumin neman kalmar sirrin Facebook ko imel ɗin mutum na kansa.

A Amurka, jihar Maryland ce ta fara haramta hakan a 2012, bayan an nemi wani ma'aikacin gidan yari ya miƙa kalmar sirrinsa ta Facebook. Kalifoniya da Mishigan suka yi tasu dokar a wannan shekarar, suka haɗa har da ɗalibai, sai dai dokar ɗalibai ta Kalifoniya ta tsaya kan manyan makarantu. Dokar jihar New York ta fara aiki a Maris 2024. Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da doka takamaimai kan batun, don haka kariyar mutum ta danganta da jihar da yake.

Galibin dokokin sun hana a nemi kalmar sirri, ko a sa mutum ya buɗe shafinsa ana leƙe, ko a hukunta shi don ya ƙi. Wasu sun ƙara da hana tilasta masa ya karɓi shugabansa a matsayin aboki a shafinsa.

Inda mutane ke tafka kuskure shi ne, asusun mutum na kansa kaɗai dokar take karewa. Imel ɗin aiki da kwamfutar ofis ko ta makaranta na hannun mai su, yana iya duba su. Abin da aka wallafa a bainar jama'a ma ba shi da kariya. Wanda ya shiga Facebook a kwamfutar ofis ya bari ta adana masa kalmar sirri, da hannunsa ya miƙa makullin. Mafi muni, wasu kan sa imel ɗin aiki a matsayin wurin dawo da kalmar sirri. Ranar da aka sallame su, akwatin imel ɗin ya koma hannun wurin aikin, saƙon sauya kalmar can zai faɗa.

Don haka a yi rajistar asusu da imel da lambar waya na kai, a kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba bayan kalmar sirri kafin a shiga. Idan aka nemi kalmar sirri, a ce a rubuto buƙatar a takarda tare da dalili, domin ko inda doka ta yarda a yi bincike kan zargi, yawanci sai an kafa hujja takamaimai tukuna.

Wassalam,
Daga wani mai karatu