Wasiƙa ga iyaye da masu riƙon yara: tunawa da Dakta Ladi Kwali da aikin ginin tukwane na wannan zango

Assalamu alaikum. Muna gaida iyayenmu maza da mata, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali.

A wannan zango 'yan aji 4 zuwa aji 6 za su yi makonni huɗu suna koyon ginin tukwane, domin tunawa da marigayiya Dakta Ladi Kwali. Duk wanda ya juya takardar naira 20 ya ga mace tana gini da yumɓu, to ita ce. Muna roƙon ku nuna wa yaranku wannan hoto kafin a fara darasi.

An haife ta wajajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gbagyi, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Ba ta yi karatun boko ba. Tun tana ƙarama ta koyi gini a hannun wata daga cikin iyayenta mata, har randunanta suka kai fadar Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau. A can wani Baturen Ingila magini, Michael Cardew, ya gan su. Da ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, sai ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Bayanta wasu mata suka biyo, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa. Ta koyar a cibiyar, an baje kolin kayanta a Landan, ta kuma zagaya Amurka a 1972 tana gini a gaban ɗalibai da malamansu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, har yau akwai iyayen da ke ganin aikin hannu na yaron da boko ya gagara ne. Mu ba mu yarda da haka ba. Mai gina randa tana awo, tana lissafin ruwa da zafi, kuma idan ta yi kuskure wuta za ta tona mata asiri.

Da hanyarta ta Gbagyi za mu koyar, ba da injin juyi ba. Ita tukunyar tana zaune wuri ɗaya, maginiya ce ke zagaya ta, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana ɗora igiyoyin yumɓu tana murje su har bango ya tashi. Sannan ta zana layuka da tsinin wuƙa, ta sa kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, kifi ko tsuntsu a tsakani.

Makon farko na gyaran yumɓu ne, kuma a nan mafi yawan ɓarna ke farawa. Za a shanya shi ya bushe sarai, a daka, a tankaɗe, a jiƙa kwana biyu. Tankaɗen dole ne, domin tsakuwa guda da ta saura tana iya tsaga tukunya a wuta. Bayan nan a zuba dakakken tsingaro, kimanin kwano ɗaya ga kwano uku na yumɓu. Tsingaron ya riga ya sha wuta, shi ke hana sabon gini tsukewa da yawa lokacin bushewa. Yumɓu tsantsa yana da daɗin gini, amma yakan tsattsage. Sai a kwaɓa sosai har a yanka dunƙule da zare a ga babu rami a ciki.

A mako na biyu kowane yaro zai gina ƙaramin kasko ko 'yar tukunya da ba ta wuce tsawon tafin hannun babba ba. Kaurin bango ya zama ɗaya daga gindi zuwa baki, kamar kaurin ɗan yatsa. Yara sukan bar gindi da kauri baki kuma siriri, sai bakin ya riga bushewa ya dare. Wani kuskuren shi ne yawan shafa ruwa don a ga santsi, bango ya yi laushi ya zauna. Ba a yin zane sai gini ya ɗan sha iska, ya yi ƙarfi amma farce na iya shiga.

Mako na uku bushewa kawai, a inuwa, an rufe da tsumma kwanakin farko. Rana ko iskar hunturu kan busar da waje ciki na nan ɗanye. Don Allah a ba yara haƙuri idan sun matsa a kawo musu nasu gida. Tukunyar da ta shiga wuta da danshi, tururi ne zai fasa ta, har ta fasa na kusa da ita.

Gashi a mako na huɗu aikin manya ne kaɗai, yara za su tsaya daga nesa. Za a fara ɗumama tukwanen a gefen wuta, sannan a jera su kan itace, a rufe da kara da busasshiyar ciyawa. Irin wannan wuta ba ta kai ta cibiyar Suleja ba, inda a zamanin Ladi Kwali zafi kan wuce digiri 1,200. Tukwanen can sukan fito da ƙyalli da nauyi, ruwa ba ya tsatsa daga jikinsu, saboda haka ba sa sanyaya ruwa kamar randar gida. Namu kuwa, da zafinsu za a yayyafa musu makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don su yi duhu. Wadda ta gasu, idan aka ƙwanƙwasa za ta yi ƙara ƙwal, mai tsaga kuwa sai ta yi dum.

Kowane yaro ya zo da tsohuwar riga, tsumma mai tsabta, sakaina don kankare ciki, da tsingaro idan akwai fasasshiyar tukunya a gida. A yanke musu farce. Yaron da ke fama da asma ko ciwon ƙirji, a sanar da malamin ajinsa tun yanzu, domin za mu keɓe shi ranar daka da ranar gashi. Idan akwai kaka ko inna a gidanku da ta iya gini, muna roƙon ta zo ta zauna da yara a mako na biyu, a faɗa wa shugabar makaranta kafin ranar Juma'a don a tsara kwanaki.

Wassalam,
Hukumar Makaranta