Zuwa ga Abba, kafin ka danna maɓallin rajista

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma cikinka ya fara sabawa da abincin Nsukka. Mu nan gida kowa lafiya lau, alhamdu lillahi.

Ummanka ta nuna mini hoton jerin kwasa-kwasan sashenku na kiɗa da ka turo mata, da waɗanda ka zagaye da jan biro. Na haɗa lissafi, na ga yunit 24 cif. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, don a waya "to Baba, to Baba" kawai kake ce mini har katin ya ƙare.

Ƙa'idar da hukumar jami'o'i ta NUC ta shimfiɗa ita ce ɗalibi kada ya gaza yunit 15 a zangon karatu, kada kuma ya wuce 24. Wannan 24 ɗin iyaka ce, ba a ce dole sai ka kai ta ba. Waɗanda suka fi buƙatarta su ne masu jan kari-oba, da za su haɗa tsohon bashi da sabo. Kai da ko lakca ɗaya ba ka zauna ba, me ya kai ka? Ka fara da kwasa-kwasan dole na sashenku, ka ɗora na bai-ɗaya da jami'a ta wajabta wa kowa, sannan ka duba abin da ya rage. In lissafin ya tsaya a 18 ko 20, ka bar shi a nan. Kwas biyun nan na zaɓi da ka tsinto daga wasu sassa, don wani ɗan aji uku ya ce maka A ɗinsu a ɓagas take, ka cire su.

Ga dalilina, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. A takarda, yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lakca a mako. Ga ɗalibin tarihi ko na tattalin arziki wannan ma'auni bai yi nisa da gaskiya ba: ya je aji, ya dawo ya yi bita, in ma ya yi sake zai iya kwana biyu bai runtsa ba ya haddace littafi ya shiga jarrabawa. Karatunka ba haka yake ba. Kwas ɗin kayan kiɗan da za ka ƙware a kai, wataƙila yunit 2 aka rubuta a gabansa, amma kullum sai ya ci maka awa ɗaya ko biyu kana maimaita abu guda har yatsunka su riƙe. Kwas ɗin rukunin mawaƙa ko na makaɗa shi ma ƙaramin yunit gare shi, amma gwajinsa, wato atisayen da kuke yi tare, da yamma ake yi, in kuma wani taro ya matso a jami'a sai a riƙe ku har dare. Babu wanda zai rubuta maka waɗannan awoyi a fom. Yatsa da kunne kuma ba sa karɓar karatun dare ɗaya. Saboda haka yunit 18 a sashenku ya fi 24 na wani sashe cin lokaci.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi tare, na matsakaicin makin da ake auna matakin digiri da shi. Maki 70 zuwa sama A ne, nauyinsa 5. Daga 60 zuwa 69 B ne, nauyinsa 4. Ƙasa da 40 F ne, sifili. Ana ninka nauyin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi wa rajista. A ce ka ɗauki 18 ka samu B a duka: 72 a raba 18, ka tashi da 4.00. To a ce kwas ɗaya mai yunit 3 ya kayar da kai: saura 60, a raba 18, ka koma 3.33. Matakin digiri na biyu mai daraja ta sama daga 3.50 yake farawa. Kwas ɗaya tak ya fitar da kai daga layin, ga shi kuma zai biyo ka baɗi ya cinye gurbin wani. Duk abin da ka sa a fom, ka sa shi ne a ƙasan layin rabawa, ko ka shiga ajinsa ko ba ka shiga ba.

Akwai kwas biyu da na ga ba ka zagaye su da zumuɗi ba, alhali su ne gishirin miyar: na ƙa'idojin rubutun kiɗa, da na horar da kunne. Na san abin da ke ranka. Tun kana sakandare kake zuwa situdiyo, in aka rera waƙa sau ɗaya sai ka kamo ta a fiyano, yaran unguwa suna yi maka kirari. Baiwa ce, Allah Ya ƙara. Amma kai da bakinka ka faɗa mini cewa a waje ɗaya ka iya dannawa, in muryar mawaƙi ta yi sama ko ƙasa sai ka taɓa wani maɓalli na'urar ta matsar maka da sautin. Fiyanon katako da za a zaunar da kai a gabansa ba shi da wannan maɓalli. Za a ajiye maka takarda mai layuka biyar-biyar da ɗige-ɗige, a ce karanta, hannun dama na yin nasa, na hagu na yin nasa. A ajin horar da kunne kuma malami zai buga sauti biyu ya ce faɗi tazarar da ke tsakaninsu, ko ya buga ɗan gajeren amo ya ce rubuta. Da yawa cikin 'yan ajinku a rukunin mawaƙan coci suka tashi, tun suna yara suke rera do-re-mi, sun riga ka a wannan fage. Kada girman kai ya hana ka zama kusa da ɗaya daga cikinsu ya nuna maka. Kwasa-kwasan haɗa muryoyi da na tsara kiɗa da ke jiranka a aji biyu da uku a kan waɗannan biyun aka gina su, kuma wasu ba za a bar ka ka yi musu rajista ba sai ka ci na ƙasa. Ka duba littafin sashe, za ka ga an rubuta wane kwas ne sharaɗin wane.

Batun kayan kiɗan da za ka zaɓa, ba zan zaɓar maka ba, don ban san daɗinsu a hannu ba. Amma ka ce saksofon ya burge ka. Kafin ka rubuta shi, tambayi abu uku: akwai malamin da ke koyar da shi a bana? Sashe yana da wanda zai ara maka, ko sai mun saya? In sai mun saya, nawa ne, kuma ina ake samun ɗan siririn karan da ake sa masa a baki in ya lalace? Ka san abin da fansho yake kawowa. Fiyano dai ko ka so ko ka ƙi sai ka yi shi, don kowane ɗalibin kiɗa sai ya taɓa shi. Kuma a ko'ina ɗalibai sun fi fiyano yawa, don haka ka mai da bayan sallar asuba lokacinka, kafin masu barci su tashi.

Kwas ɗin Turanci da sauran na bai-ɗaya, kada ka raina su don ba kiɗa ba ne. Aji ne mai ɗaruruwan mutane, babu mai lura ko ka zo, shi ya sa suke kayar da masu wayo. Ba a ba da digiri sai da su.

Wanda na fi so ka shiga da zuciya ɗaya shi ne na kiɗan Afirka. Sashen da kake ciki tun 1961 aka buɗe shi, shekara ɗaya bayan kafa Jami'ar Najeriya ta Nsukka, kuma shi ne na farko irinsa a jami'o'in ƙasar nan. Za ka haɗu da ogene, ƙararrawar ƙarfe ta Ibo, da udu, tulun da ake bugawa da tafin hannu, da ekwe da ake sassaƙawa daga gungume. Ka koye su da ladabi yadda kake so a koyi naka. Su kuma ba lallai ne a cikinsu a samu wanda ya taɓa matse kalangu a hammata ya sa shi ya kira sunan mutum ba, ko wanda zai bambance kotso da taushi, ko kukuma da goge. Wannan jarinka ne. Ranar da za a ce kawo batun binciken kammala digiri, kana da abin da ba sai ka yi aro ba. Kawunka har yanzu yana cewa mun tura ka koyon roƙo da kuɗinmu. Na ce masa Jami'ar Ahmadu Bello da kanta ta ba Shata digirin girmamawa, ya ce ai Shata bai biya kuɗin makaranta ba. Na rasa amsa, muka yi dariya. Ka bar ni da shi.

Saura takardu, inda na ƙare aikina. Kada ka miƙa wa yaron kafe lambar sirrinka ka tafi cin abinci. Ka zauna kusa da shi, ka karanta lambar kowane kwas da idonka, don 101 da 111 a allon kwamfuta kamar tagwaye suke. Kafin ka tura, ka kai jerin wurin malamin da aka ɗora wa kula da 'yan aji ɗaya. Shi za ka tambaya, ba 'yan ɗakinku ba, musamman da yake NUC ta fito da sabon tsarin manhaja a ƙarshen 2022, lambobi da sunayen wasu kwasa-kwasai sun canza, tsohon fom ɗin wani zai iya ɓatar da kai. In ka tura, ka buga a takarda, a sa hannu duk inda aka ce a sa, ka yi kwafi, ka ɗauki hoto ka tura wa kanka ta imel, haka ma rasit ɗin Remita.

Lokacin da nake ofishin jarrabawa, wani yaro ya zo a shekararsa ta ƙarshe, abokansa duk sunayensu sun fita za su tafi bautar ƙasa, nasa babu. Muka ciro fayil ɗinsa. Kwas ɗaya na aji ɗaya, mai yunit 2, ya shiga ajinsa, ya rubuta jarrabawa, har takardar amsarsa muka gano da maki 64 a kanta da jan biro. Amma a fom ɗin rajistarsa babu kwas ɗin. Ya tsaya yana juya takardar gaba da baya kamar zai ga lambar a bayanta. Sai da ya ƙara shekara. Akasin haka ma yana faruwa: ka yi rajista, ka daina zuwa, ka ɗauka magana ta wuce, sai F ta fito. In za ka ajiye kwas, akwai 'yan makonnin da ake ba da damar ƙarawa da cirewa. Ka nemi ranar rufewa ka rubuta ta a bangon littafinka.

Ka kuma ɗora jadawalin lakcoci a kan jerinka ka ga ko wasu sun ci karo. In gwajin rukuni ya faɗo a lokacin sallar Juma'a, ka je wurin malamin tun makon farko, kai kaɗai, ka yi masa bayani cikin ladabi. Kada ka bari sai an ƙirga maka fashi, don yawancin jami'o'i sai ka halarci kashi 75 cikin 100 kafin a bar ka ka zauna jarrabawa.

Kuɗin littafin rubutun kiɗan da ka ce an buƙata zan turo maka ranar Litinin in Allah Ya kai mu. Kalangunka kuma na kai an sake masa fata, za mu ba direban motar Enugu tare da yajin da Ummanka ta daka, sai ka je tasha ka karɓa. Ƙannenka suna gaishe ka, Hajiya ma ta ce a gaya maka ka riƙa cin abinci.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba da sa'a.

Ni ne mahaifinka.