Wasiƙa daga Seshel zuwa ga Abokina Sani

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Ka yi ta mitar ba na ba ka labarin ƙasar nan sai na aiki. To, ranar Asabar na bi ƙaramin jirgin ruwa daga tsibirin Praslin zuwa tsibirin Cousin, kuma kai ka fara faɗo mini a rai, da danƙon nan naka da ya hana tsuntsayen unguwarmu sakat.

Akwai wani ɗan tsuntsu a can, mutanen ƙasar na ce masa timerl dezil. Girmansa kamar na kanari, launinsa kore-kore mai duhu, ba wani kyan gani. Wuni yake yana leƙa ƙarƙashin ganye yana tsintar ƙwari. Amma duk duniya babu shi sai a Seshel. A 1968 ƙasa da talatin suka rage, duk a wannan tsibirin, domin an sare dajinsu an dasa kwakwa. Wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta sayi tsibirin a shekarar, aka bar daji ya dawo. Da tsuntsayen suka yi wa wurin yawa sai aka ɗebi wasu zuwa waɗansu tsibiran: Aride a 1988, Cousine (wani tsibiri daban da Cousin) a 1990, daga baya Denis da Frégate. Yau sun kai dubbai.

Abin da ya tsaya mini shi ne zaman gidansu. Galibi ƙwai ɗaya tak uwar ke sakawa. Idan 'yarta ta girma ba ta samu fili nata ba, sai ta zauna gida tana taya ta kwanci da ciyar da ƙani. Har kaka, wallahi! Uwar da aka ture daga matsayinta na uwargida takan koma renon jikoki. Na tuna Yaya Binta da goyonka, na yi dariya ni kaɗai, Turawan da muka zo tare suna ta kallona.

Sauro kam ya cije ni a wurin ba kaɗan ba, ga hoton da na ɗauka duk ganye ne, tsuntsun ya ƙi tsayawa.

Ina sa ran zuwa gida da Babbar Sallah in Allah ya so. Ka gaida Malam Bala da sauran 'yan majalisa.

Naka,
Auwalu