A ba mu tarihin Farfesa Frances Arnold

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in ja hankalin shafinku na ilimi kan Farfesa Frances Arnold, malamar injiniyancin sinadarai a jami'ar Caltech da ke Amurka.

An haife ta a Pittsburgh a 1956. Tun tana 'yar sakandare ta bar gidan iyayenta, har tuƙin tasi ta yi don ta ci da kanta. Digirinta na farko ma injiniyancin injuna da jiragen sama ne, a Princeton, 1979. Sai a 1985 ta kammala digirin digirgir kan injiniyancin sinadarai a Berkeley.

Aikinta a kan enzayim ne, furotin ɗin da ke hanzarta haɗuwar sinadarai a jikin halittu. Takan jirkita ƙwayar gadonsa barkatai, ta sa a cikin bakteriya, ta tsince wanda ya fi aiki, ta sake jirkitawa, kamar yadda manomi ke ware irin da ya fi albarka kowace kaka. Wannan ne ya ba ta rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2018.

Ni dai abin da ya fi burge ni ya zo daga baya. A Janairun 2020, da bakinta ta sanar cewa ta janye wata maƙalarta daga mujallar Science, saboda an maimaita gwajin bai ba da sakamako ɗaya ba. Ga Nobel a hannu, amma ta fito ta nemi afuwa, ta ce ba ta yi aikinta yadda ya kamata ba.

Don Allah ku nemi wani malamin wannan sashe a Jami'ar Ahmadu Bello ya warware mana aikinta da Hausa.

Huta lafiya.

Mai karatunku, daga Zariya