Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙaramin Jakadan Najeriya a Jidda: Cacar Waya Tana Cin 'Ya'yanmu

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan ofishinka, ina rubuto maka ne a matsayina na ɗaya daga cikin dattawan da ake kira idan rigimar kuɗi ta tashi tsakanin Hausawa a nan Makka.

Rigimar bashin da ake kawo mana ta canza kama. A da, idan mutum ya ci kuɗin adashi ko ya riƙe saƙon da aka ba shi ya kai gida, akwai abin da zai nuna: ya sayi fili a Kano, ya yi aure, ya sabunta iƙama (takardar izinin zama), ko kasuwa ce ta juya masa baya. Yanzu sai ka zaunar da saurayi ka tambaye shi ina kuɗin mutane, ya sunkuyar da kai. Ba fili, ba mata, ba haja. Cacar ƙwallo ta cinye su ta cikin waya.

Mutanen gida za su ce, caca a ƙasa mai tsarki? Gaskiya ne ba za ka ga shagon caca a Shara Mansur ko Misfala ba, kuma hukuma tana toshe shafukanta. Dokar laifukan intanet ta 2007, a sashenta na 6, ta tanadi ɗauri har shekara 5 da tara har riyal miliyan 3 ga mai shirya ko yaɗa harkar caca a intanet. Amma yaron da ya iya kunna VPN ya riga ya tsallake katangar. Asusunsa na bankin Najeriya yana cikin wayarsa. Ya miƙa wa mai canji riyal, a tura masa naira, kafin a kira Isha'i ya zuba su a kan wasannin Ingila da Sifen. Tun da naira ta faɗi a 2023, 'yan riyal kaɗan suna komawa tulin naira, sai ya riƙa jin kansa attajiri a gaban kamfanin cacar. Ga ƙwallon ma ta biyo mu har gida. Zuwan Ahmed Musa Al-Nassr a 2018 ya ja hankalin yaranmu ga gasar Saudiyya, Ronaldo ya zo a 2023, an kuma ba ƙasar nan gasar cin kofin duniya ta 2034. Harkar nan gaba za ta yi.

Bari in ɗan tsaya a kan lissafin, domin a nan ake yaudarar su. A ce ƙungiya biyu ƙarfinsu ɗaya, kowace tana iya ci. Adalci shi ne wanda ya sa riyal 100 ya dace a ba shi 200. Kamfani sai ya ce 190 zai biya. Ke nan a duk riyal 100 da jama'a suka zuba, 5 nasa ne, ko wa ya ci wasan. Yaranmu kuwa ba wasa ɗaya suke sawa ba, sai su jera goma a tikiti guda domin ribar ta kumbura. A irin wannan tikiti damar dacewa ɗaya ce cikin 1,024, kuma rabon kamfani yana hauhawa da kowane wasan da aka ƙara, har ya kai kusan riyal 40 a cikin 100. Sanin 'yan wasa da raba dare ana nazarin gasa ba sa goge wannan. Kyautar da ake ba sabon shiga kuwa, ai banza ba ta kai zomo kasuwa. Sannan a rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi cewa a yi wasa da hankali, domin idan ka tsiyace a ce kai ne ba ka da hankalin.

Haramcin caca ba a ɓoye yake ga kowa a garin nan ba. Yaron da ya sauke Alƙur'ani ya san aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida, ya san an haɗa ta da giya, an ce tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana hana salla. Wanda muke zaunarwa ya fi mu sanin haka, yana kuka yana faɗa, gobe kuma ya koma. Idan ɗanmu ya kamu da ƙwaya mukan ce a kai shi asibiti, amma ɗan caca sai zagi da gori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, a rukuni ɗaya da jarabar kayan maye, ta kuma ƙiyasta cewa kimanin kashi 1.2 cikin 100 na manya a duniya suna fama da ita. Alamominta ba sa ɓuya: bin hasara da sabon zubi domin a fanshe, ƙarya ga iyali, rance a kan rance, rashin barci, faɗa idan an taɓa waya. Haɗarin kashe kai a cikinsu ya zarce na sauran jama'a nesa ba kusa ba, kuma wannan ne abin da ya fi tayar mini da hankali.

To ina zai kai kukansa? Ma'aikatar Lafiya tana da layin 937, akwai kuma cibiyoyin Irada masu kula da jaraba da lafiyar ƙwaƙwalwa, har da ta Jidda. Sai dai ka san halin mutanenmu, ranka ya daɗe. Mai iƙama yana tsoron maganar ta kai kunnen kafilinsa, wato wanda yake zaune a ƙasar nan a ƙarƙashin sunansa. Wanda ba shi da takarda, da ya ga ƙofar ofis sansanin tsare baƙi na Shumaisi yake hange da jirgin tarhil, wato na mayar da mutane gida. Wasu Larabcinsu na ciniki ne, ba zai ɗauki bayanin abin da ke cin zuciya ba. Kuma abin da za su je su faɗa laifi ne a dokar ƙasar. Saboda haka sai su yi shiru har ranar da masu bashi suka cika gida.

Nan ne ofishinka zai yi abin da mu ba za mu iya ba. Kai kake da bakin tambayar hukumomin lafiya a hukumance: baƙon da ya kawo kansa neman magani, wace kariya yake da ita, wa zai ga bayanansa, nawa zai biya? Duk amsar da suka bayar, a faɗa mana ita da Hausa yadda take. Ko da ba mai daɗi ba ce, gara mu sani da mu tura yaro inda zai faɗa hannu. Likitocin Najeriya kuma suna da yawa a asibitocin ƙasar nan, cikinsu akwai masu jin Hausa. Da za ka gayyace su, ba za a rasa waɗanda za su ba da sa'a guda a mako suna sauraron mutum ta waya ba tare da an tambaye shi lambar iƙama ba. Hausawan Nijar wannan ciwon ɗaya muke da su, ofishin ƙasarsu yana nan Jidda, ya kamata a tuntuɓe su.

Iyaye da matan aure su ma suna buƙatar a koya musu, domin da kyakkyawar niyya suke ƙara ɓata lamarin. Uwa ta sayar da ɗankunnenta na zinari ta damƙa wa yaro ya biya bashi, shi kuma ya ga jarin fanshe hasara ya samu. Idan za a biya, a miƙa wa mai bashin hannu da hannu. Katin banki da lambar sirri su koma wurin wani amintacce na ɗan lokaci, a riƙa ba shi kuɗin abinci da na mota kawai. A sa shi ya nemi kamfanin ya rufe asusunsa a gaban shaida, a goge manhajojin, a fitar da shi daga zaurukan WhatsApp da Telegram inda ake raba tikiti. Idan ya sake zamewa, a ci gaba da riƙe shi, domin komawa tana cikin halin ciwon. Masu canji da ke tura naira su ma a zauna da su, sun fi kowa sanin wanda yake turawa sau uku a dare ɗaya.

Sai waɗanda ake mayarwa gida. Ofishinka ne ke ba su takardar tafiya. Hisbar Kano ta rufe shagunan caca a 2024, amma wayar da suka tafi da ita babu wanda ya rufe ta. Ina roƙon a haɗa musu takardar da wata 'yar takarda mai ɗauke da sunayen asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, a rubuta da Hausa da Ajami cewa jarabar caca ciwo ne da ake zuwa da shi wurin likita.

Idan ka ga dacewar a zauna, ka sa rana bayan sallar La'asar, a Jidda ko a nan Makka, za mu zo da limamai da masu canji da wasu iyayen da abin ya shafa.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
Wani dattijo mazaunin Makka