Rumbun Bature Ya Ƙone

Greensboro, Karolina ta Arewa, Amurka
13 ga Nuwamba, 2022

Zuwa ga aminina Malam Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi? Yaya kaka, an gama kai dawa gida? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, ganye duk ya zube, gari ya yi fayau.

Za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa maimakon saƙon muryar da muka saba a WhatsApp. Wani alkawari ne da na yi maka ya warware, kuma ba ni na warware shi ba. Ka tuna hoton da na turo maka shekara uku da suka wuce, ni da yara a gindin wani gida mai kama da ƙwarya biyu an kifa ɗaya a kan ɗaya, yana tsaye a kan ƙafafun ƙarfe? Ka maido mini amsa kana dariya, ka ce ai wannan rumbun Bature ne, saura kawai a zuba masa gero. Ni kuma na ce duk ranar da Allah ya kawo ka ƙasar nan, can zan fara kai ka kafin New York. To mutumina, daren Laraba 19 ga Oktoba wuta ta cinye shi. 'Yan kwana-kwanan garin sun zo, amma kafin gari ya waye ya zama baƙin tarkace. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Maryam ce ta fara gani a Facebook, ta miƙo mini waya ba ta ce komai ba. Na daɗe ina kallon hoton.

Tun ranar nake jin kamar ka biyo ni bashi. Tunda ba za ka gan shi da idonka ba, bari in ba ka labarinsa yadda mai koyar da gini irinka zai so ya ji, da ma'auninsa da komai.

Sunan irin gidan Futuro, kuma ba ɗan Amurka ba ne. Wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Finlan, Matti Suuronen, shi ya zana shi, aka fito da na farko a 1968. Abin da zai ba ka dariya, mutumin nan bai zauna da niyyar yin jirgin halittun wata duniya ba. Wani abokin karatunsa ne ya ce yana son ɗan ɗakin hutu a gefen tudu, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, mai saurin ɗaukar ɗumi, wanda kuma za a iya kafawa a wuri mai gangare ba tare da an yi ta haƙa ba. Daga nan siffar ta fito. Abu mai zagaye ba shi da lungun da zafi zai ɓuya, dusar ƙanƙara ba ta samun wurin zama a kansa, iska kuma sai ta goge shi ta wuce. Ƙafafun nan da ka yi wa dariya, ginshiƙan kankare huɗu kawai suke buƙata a ƙasa. Ka ga ashe ba ka yi nisa da gaskiya ba, don kakanninmu ma da suka ɗora rumbu a kan duwatsu, gudun laima da gara suke yi, ba ado ba.

Faɗinsa mita 8, tsayinsa mita 4. Ba tubali, ba katako, ba siminti a jikinsa. Roba ce haɗe da zaren gilashi, faiba dai irin wadda ake yin kwale-kwale mai inji da ita, an yi ta ɓawo biyu an cusa soso a tsakani kamar yadda ake yi wa kula da firji. Saboda wannan soson, in aka kunna na'urar ɗumama ɗaki, cikin minti 30 ɗakin zai tashi daga digiri 29 ƙasa da sifili zuwa digiri 15. Kai da ke naɗe kai da rawani in Katsina ta sauko 12, ka kwatanta. Kamfanin Polykem na Finlan ne ya riƙa zuba shi a masana'anta gunduwa 16, a loda a mota, a je a ɗaure da noti cikin kwana biyu. In kuma mai shi yana da hali, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi a haɗe ya dire masa inda yake so. Tagoginsa masu siffar ƙwai sun kewaye shi, ƙofar kuma irin ta jirgin sama ce, ana sauko da ita ta zama matakala. A ciki kujeru ne masu kwantawa su zama gado, an jera su sun kewaye murhu a tsakiya, ga ɗan kicin ga banɗaki, mutum takwas za su iya kwana.

Zamanin ma ya taya shi. Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko, a 1957, ɗan sama jannatinta Gagarin ya kewayo duniya a 1961, a Yulin 1969 kuma Amurkawa suka taka wata. Mutane sun sakankance cewa jikokinsu a irin waɗannan gidaje za su zauna, roba kuma ita ce kayan gini na gobe. Da aka nuna shi a wani baje koli a Landan cikin Oktoban 1968, jaridu suka yi ta yayata shi, kamfanoni daga ƙasashe da dama suka nemi lasisin ƙera shi. A nan Amurka wani kamfani a Philadelphia ya samu.

Amma fa kallo daban, saye daban. A Finlan ɗin kanta, da wani ɗan talabijin ya kafa nasa a bakin tafkin Puulavesi, mutanen wurin suka tayar da jijiyar wuya, suka ce ya ɓata musu daji. A Amurka wasu garuruwa dokar tsara gari ta hana kafa shi, bankuna kuma suka noƙe wajen ba da bashin sayensa. Ni ban ga laifinsu sosai ba. Ranar da na tsaya a gindinsa na tambayi uwargida ko za ta zauna a ciki, sai ta ce in nuna mata bangon da za ta jingina kabad. Babu. Duk kayan ɗaki sai an ƙera su musamman sun bi lanƙwasar bango. Gida ne na mutumin da bai tara komai ba, ba ya kuma sa ran baƙi daga ƙauye su yi wata guda.

Abin da ya kashe kasuwarsa gaba ɗaya kuwa, ni da kai mun ci moriyarsa muna yara. A Oktoban 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka tsuke bakin famfon mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12. Roba kuwa 'yar man fetur ce, sai kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo, gidan da dama tsada ke hana mutane saye ya gagari kowa. Duka-duka waɗanda aka ƙera a duniya ba su kai 100 ba. Wannan tashin farashin shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin Udoji, Baba ya sauke azarar ɗakin Inna ya buga kwano, ya sayo rediyo mai kaset. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas. Wato a daidai lokacin da Turawa ke haƙura da gidan roba, mu kuma muke juya wa jar ƙasa baya muna rungumar bulo. Na jima ina juya wannan a raina, ban san ko dariya ya kamata in yi ba.

Namu na nan ya iso tsibirin Hatteras a farkon shekarun 1970, wasu ma'aurata suka kafa shi a bakin teku ya zama gidan hutunsu. Sai ka san wurin kafin ka gane abin da ya sa ƙonewarsa ta tsaya mini a rai. Daga Greensboro tafiyar kusan awa shida ce, ka yi ta gabas har ƙasa ta ƙare, ka hau gada. Tsibiran da suke kira Outer Banks, waɗanda Hatteras ke cikinsu, zirin yashi ne kawai a cikin Tekun Atalantika, a wasu wuraren in ka tsaya a kan titi kana ganin ruwa dama da hagu. Hanya ɗaya ce tal, mai lamba 12, kuma in guguwa ta taso yashi da ruwa sukan rufe ta. A arewacin zirin nan ne, kusa da Kitty Hawk, 'yan'uwan nan biyu Wright suka fara tashi da jirgin sama a Disambar 1903, na daƙiƙa 12 kacal. Jiragen ruwan da suka nutse a gaɓar kuwa sun yi yawan da har ana yi wa wurin laƙabi da maƙabartar Atalantika.

Teku a nan cin ƙasa take kamar yadda Hamada ke cin gonaki a arewacin Daura, sai dai ita ba ta jira. Akwai wata hasumiyar tubali mai fitila da ke yi wa jiragen ruwa jagora, ita ce mafi tsayi a irinta a Amurka. Da ruwa ya matso gindinta, a 1999 suka ɗaga ta ɗungurungum, suka ɗora a kan dogo, suka ja ta baya kusan mita 880. A ƙauyen Rodanthe kuma, cikin shekarar nan da muke ciki, gidajen katako sun rufta cikin teku, biyu ma a rana ɗaya a watan Mayu. Na ga bidiyon ɗaya, igiyar ruwa ta ɗauke shi yana rangaji kamar akwatin ashana.

A irin wannan wuri rumbunka ya yi shekara hamsin. Gishirin da ke cinye ƙarfe bai iya da shi ba, guguwa ta zo ta wuce ba adadi. Da zamansa ya ƙare a bakin ruwa, aka ɗauke shi, don dama an yi shi ne domin a ɗauka, aka kai shi ƙauyen Frisco. Ya yi hannu da yawa. Ya zama ofis, ya zama rumfar sayar da burodi da tsiran nama na Turawa, daga ƙarshe ya zauna a bakin hanya an shafe shi da fenti ruwan azurfa, an jera fuskokin dodanni masu manyan idanu a tagogi. Akwai wani bawan Allah da kan sa koren kaya ya fito a matsayin baƙo daga sararin samaniya, masu wucewa su tsaya a yi hoto. Ranar da muka je, ƙaramin namu ya ƙanƙame ƙafata ya ƙi saki. Gaskiya a lokacin ya tsufa, fentin ya dusashe, ga tarkace kewaye da shi. Har na ji ɗan takaici, abin da aka zana don jikoki ya koma abin tsayar da masu yawon buɗe ido. Daga baya na sauya ra'ayi. Da ba don wannan wasan ba, da tuni an farfasa shi an zubar, kamar yadda aka yi wa 'yan'uwansa da dama.

Kowa a tsibirin ruwa yake tsoro. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Kai ka fi ni sanin dalili: man da ke haɗa zaren gilashin nan da soson da ke tsakani duk daga fetur suke, in suka kama sai baƙin hayaƙi da wari. Soson da ke riƙe ɗumi cikin minti 30 shi ne ya zama makamashi.

Abin da na fi so mu tattauna in mun yi waya shi ne gyara. Ka tuna shekarar da gobara ta tashi a gidan Kawu, ta cinye azara da asabari da kayan ɗaki? Bangon ƙasar yana nan tsaye, sai ma ƙara tauri da ya yi. Bayan sallah aka kwaɓa ƙasa, aka kira magina, kafin damina an koma ciki. Ƙasar tana bayan gari, masu sanin aikin suna unguwa. Shi wannan, masana'antar da ta zuba shi ta daina tun kafin a sa mu makaranta, wanda ya zana shi ya rasu a 2013. Duk wanda ya ƙone ya tafi ke nan, sai dai a rage ɗaya a lissafi. Waɗanda suka rage a duniya sittin da 'yan kai ne, shi ya sa yanzu gidajen tarihi ke rububinsu. Na gwajin farko yana Rotterdam a Holand, wanda aka yi wa bore a bakin tafki kuma an gyara shi, yana wani gidan baje kayan tarihi a Espoo kusa da Helsinki, mutane na biyan kuɗi su shiga. Ina ganin wannan zai yi wa ɗalibanka amfani ranar da kake musu darasin zaɓen kayan gini, musamman masu raina tubali.

Alkawari dai ban janye ba, sauya masa wuri na yi. Akwai wani a Pensacola Beach a jihar Florida, shi ma a bakin teku, an ɗora shi a kan rufin wani gini, ya sha guguwar Ivan ta 2004 yana nan daram. Tafiyar ta fi nisa, amma in ka samu bizar za mu raba tuƙin, in dai ka yarda ka daina taka burki da ƙafar hagu.

Na sa an wanke hoton nan babba, zan ba wani ɗan Maraɗi da zai taho gida ƙarshen wata ya ajiye maka a Kano wurin ƙaninka, tare da maganin ƙafar Hajiya. Don Allah in ka shiga cikin gari ka leƙa gidanmu ka duba mini katangar yamma. An ce ruwan bana ya zaftare gindinta, ni kuma ban yarda da kuɗin da aka faɗa mini ba. Kada a sa mata siminti, a yi mata yaɓe yadda aka saba.

Ka gaida Hajiya da kyau, da uwargida, da yara, da mutanen majalisa. Maryam da ƙannenta suna gaida Baffa.

Naka har kullum,
Lawal