Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa (NITDA), Malam Kashifu Inuwa Abdullahi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a Kano. Na zaɓi in rubuto maka da Hausa saboda kai ɗan Haɗejia ne, ba sai an yi maka tafinta ba, kuma abin da ke tafe da ni ya shafi kunnen Bahaushe ne.

A daminar da ta wuce, bayan sallar isha'i, saƙon murya ya shigo wayar goggona. Muryar ɗanta ce na fari, wanda ke sayar da albasa a Fatakwal. Yana haki, yana cewa ya buge yaro da babur, an tsare shi, ana neman naira dubu ɗari biyu kafin gari ya waye, kada a kira layinsa don wayar tana hannun mutanen. Goggo ta saurara sau uku. Ta ciro kuɗin adashenta daga ƙasan adaka, ta yafa mayafi za ta wajen mai POS na bakin layi. Jikarta ce, yarinya 'yar aji biyu, ta riƙe mata hannu ta ce, "Ai Baba bai taɓa ce miki Mama ba." Gaskiya ne. Tun yana yaro Yaya yake ce mata, kamar yadda ya taso ya ji ƙannenta suna faɗa. Aka kira shi, sai ga shi yana cin tuwo lafiya lau. Mutumin yakan ɗora bidiyon tallan albasarsa a TikTok, daga nan aka kwashi muryar.

Da na ba da labarin a ofishin malamai, wani ɗalibina da ya kawo littattafai ya yi dariya, ya ce, "Malam, ai wannan ba wuya." Washegari ya kunna mini muryata, wadda ya tsinto daga jawabin da na yi a wata walima, tana sanar da cewa an ba da hutun mako biyu. Har gyaran muryar da nake yi kafin in fara magana tana ciki. Na yi dariya a gabansa, amma na kwana da abin a raina.

Ka fi ni sanin yadda wannan fasaha ta kwaikwayon murya da ƙirƙirarriyar basira (AI) take. Tun a Janairun 2023 masu bincike na Microsoft suka nuna manhajar da ke kwaikwayon murya daga daƙiƙa 3 kacal na magana. A Maris ɗin 2024 OpenAI suka ce tasu tana buƙatar daƙiƙa 15, suka kuma ƙi sakinta ga kowa da kowa saboda tsoron ɓarnar da za a yi da ita. A farkon shekarar 2024 aka kira masu zaɓe a jihar New Hampshire ta Amurka da muryar Shugaba Biden ta jabu ana ce musu su zauna a gida. A Hong Kong kuwa, wani ma'aikaci ya tura kusan dala miliyan 25 bayan ya yi taron bidiyo da shugabanninsa, ashe duk fuskokin ƙirar kwamfuta ne. Waɗannan fa mutane ne da suka ƙoshi da boko. Ina ga Goggo?

Mu mutanen kunne ne. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, da zamanin da Rediyon Kaduna ke kaiwa ƙauyen da mota ba ta zuwa, "na ji da kunnena" ita ce hujjar ƙarshe a majalisa. Da WhatsApp ya zo, wanda bai iya rubutu ba ya samu hanya: da murya ake cinikin shanu, da murya ake sanar da rasuwa, da murya ake tambayar malam fatawa. Jama'armu sun saba da shakkar takarda, sun ma fara shakkar hoto. Murya kam, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ana iya sace ta.

To, ka dubi inda abin zai kai. Mace ta wayi gari da saƙo a wayarta, muryar mijinta tana furta mata saki uku, shi kuma ya rantse bai faɗa ba. Alƙalin da aka kai wa wannan ƙara a kotun shari'a ta ƙaramar hukuma, da me zai auna? Ko kuma a juya: miji ya furta da bakinsa, da ya huce ya ce AI ce. Wannan ta biyun ma ta fi ba ni tsoro, domin mai gaskiya da maƙaryaci sun samu mafaka ɗaya. Sai kuma a sa wa wani babban malami kalmar ɓatanci a baki, a watsa ta ranar Juma'a da safe. Ni da kai mun san abin da jita-jita kaɗai ta taɓa haifarwa a garuruwanmu kafin la'asar. Ga zaɓen 2027 yana ƙaratowa, 'yan siyasarmu kuwa ba sa barin makami a ƙasa.

Ba na raina abin da kuke yi. Na ji labarin cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira ta NCAIR da ke ƙarƙashinku a Abuja, da daftarin manufar ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira na 2024, da manhajar N-ATLAS da aka ƙaddamar a 2025 mai jin Hausa da Yarbanci da Ibo. A matsayina na malamin harshe, na yi murna. Na gaji da fassarar na'ura mai mayar da ƙasa ta zama kasa. Sai dai duk ranar da na'ura ta ƙara ƙwarewa a Hausa, ɓarawon murya ma ya ƙara ƙwarewa. Kuskuren da ya ceci adashen Goggo, baɗi ba za a sake yin irinsa ba.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin taro ɗaya a otal ba. A shiga gidajen rediyon Arewa da harshen da mutane ke ji, a kunna musu muryar gaske da ta jabu su kasa bambancewa da kunnensu, domin gani ya kori ji, a nan kuwa ji ne zai kori musu. A koya musu abu ɗaya: duk saƙon da ya nemi kuɗi ko ya tayar da hankali, a kira mai muryar a ji daga bakinsa kafin a motsa. A zauna da limamai da masu unguwanni, su ne ke da jama'a sau biyar a rana. A kuma tara alƙalan kotunan shari'a da malaman fiƙihu tun yanzu su tattauna matsayin saƙon murya a shaida da saki, tare da wani ofishi da alƙali zai iya aika murya a bincika masa cikin kwanaki.

Ɗayan roƙon kuma yana hannunka kai tsaye. A 2022 hukumarka ta fitar da ƙa'idojin aiki ga manyan shafukan sada zumunta. Tarayyar Turai ta sa a dokarta ta 2024 cewa dole a yi wa murya da hoton da na'ura ta ƙera alama, Sin ma ta wajabta hakan. A ƙara wannan a namu, amma alamar ta zama wadda ake ji, da Hausa, a farkon saƙon. Rubutun Turanci ƙanana a gefen allo ba Goggo aka yi wa ba.

Yanzu a gidanmu mun yanke wata kalma da ba a faɗa a waya sai in ana cikin matsala ta gaske. Goggo ce ta zaɓa, sunan wata akuyarta da ta mutu tun muna yara.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam,
Wani malamin Hausa, Kano.